KU TAMBAYA MU AMSA: Wai da gaske Turawa ne suka 'yanta bayi a ƙasar Hausa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk kan abu ɗaya suke, bauta da aikin tilas a zamanin Turawa, don haka na haɗa su wuri guda. Wasu na rage musu tsawo, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam a makaranta an koya mana cewa Gwamna Lugga ne ya hana bauta a Arewa tun farkon zuwansu, amma kakar babana tana cewa har ta yi wayo akwai bayi a gidansu suna noma, kuma ita an haife ta ne bayan zuwan Turawa da daɗewa. To wa ke da gaskiya, littafi ko tsohuwa? (Ɗalibi daga Zariya)

AMSA: Ɗan'uwa kar ka ƙaryata tsohuwa, ita ta gani da idonta, littafin kuma bai yi ƙarya ba sai dai ya faɗi rabi ya bar rabi. Abin da Lugga ya yi a dokarsa ta 1901 shi ne ya hana kai harin kamo bayi, ya hana saye da sayarwa, ya ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, sannan ya ce kotun gwamnati ba ta san wani abu wai shi bawa ba. Amma fa bai ce mallakar bawa laifi ba ne. Wanda yake da bayi ɗari kafin ranar ya wayi gari da bayinsa ɗari, ba wanda ya zo ya karɓe. Dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya sai a 1936 aka yi ta, ka ga kenan shekara 35 tsakani, kuma ita ma sai da Majalisar Ƙasashe ta lokacin da ke Janeba ta yi ta matsa wa Ingila lamba.

Me ya sa suka ja ƙafa haka? Lissafi ne kawai. Masana tarihi na ƙiyasin cewa lokacin da Turawa suka ci daular Sakkwato akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi a cikinta. Lugga kuwa Turawansa 'yan kaɗan ne, kuɗi babu, dabararsa ita ce ya yi mulki ta hannun sarakuna da hakimai, su kuma waɗannan ƙarfinsu duk yana gandu da rinji (ƙauyen bayi masu noma, jam'insa rumada), wato in ka kwashe bayi rana ɗaya ka karya mutanen da kake son su tara maka haraji, gonaki su zama saura, hatsi ya yi tsada a Kano da Zariya, ƙila ma a yi bore. Sai ya zaɓi abin ya mutu a hankali ba tare da ya taɓa aljihun masu shi ba.

Su bayin ba su zauna jiran takarda ba. Tun da aka ci Bida da Kontagora a 1901, aka ci Kano da Sakkwato a 1903, mutane suka yi ta sulalewa da dare, musamman waɗanda ba a daɗe da kamo su ba suna iya tuna hanyar garinsu, ana ƙiyasin aƙalla mutum 200,000 sun gudu a shekaru goman farko. To nan ne Bature ya nuna inda ya karkata. Aka ce bawan da ya gudu kar a ba shi gona a garin da ya sauka, aka riƙa kama su da sunan zaman banza, joji (Turawan da ke kula da gunduma) da yawa kuma in an kawo musu ƙara sai su lallaɓa mutum ko su tsorata shi ya koma gidan ubangidansa. Hanyar da aka bari a buɗe ita ce fansa, kuma wannan tsohon tsarinmu ne suka ɗauka suka sa masa hatimi: bawa ya je gaban alƙali, a yanka kuɗin fansarsa, ya tafi ya yi dako ko saƙa ko rini ko ƙwadago yana biya kaɗan-kaɗan, a gefe guda kuma ga murgu, wato kuɗin da yake ba ubangidansa don ya bar shi ya yi aikin kansa, ga harajin gwamnati shi ma yana jiransa tunda yanzu ana ƙirga shi cikin masu biya. Ka duba mutum ɗaya, gumi ɗaya, ana cinsa ta fuska uku. Ranar da ya gama biya alƙali ya rubuta masa takardar 'yanci. Sama da mutum 100,000 ne suka bi ta kotuna haka zuwa ƙarshen shekarun 1920.

Mata kuwa abin ya fi musu tsanani. Ƙwarƙwara in ta gudu sai a ce ai wannan maganar aure ce ba ta bauta ba, a miƙa wa alƙali, kuma sau da yawa wanda ya biya fansar baiwa shi ne mai son ya aure ta ko ya sa ta ɗaka, kuɗi ya fita daga hannun namiji ya shiga hannun namiji ita tana tsaye. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake kuma ba a san garinsu ba aka tara su a gidan 'yantattu na Zungeru, daga baya a 1909 aka miƙa su ga 'yan mishan a Rumasha can wajen Binuwai.

In kana son ka ga ranar da sarauta da Bature suka tsaya sahu ɗaya, karanta labarin Satiru kusa da Sakkwato. A Fabrairun 1906 mutanen garin, talakawa masu aƙidar Mahadi da bayi gudaddu da yawa a cikinsu, tare da Ɗan Makaho wanda ya tsallako daga ɓangaren Faransa, suka kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin da gatari da fartanya da kwari da baka. A watan Maris aka dawo musu da bindiga mai ruwa tare da dawakin Sarkin Musulmi, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin aka hana sake zama a wurin.

TAMBAYA: Ni dai ina ganin ana ƙara gishiri. Bautar ƙasar Hausa ai ba irin ta Amurka ba ce, bawa ɗan gida ne, ana aurar da shi, wasu ma sarauta suke riƙewa sun fi 'ya'ya ƙarfi a fada. Me ya sa kuke biye wa Turawa kuna ɓata kakanninmu? (Wani bawan Allah daga Kano)

AMSA: Yallaɓai akwai gaskiya a maganarka. A Kano Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, kuma hakimi guda sai ya kwana yana neman yardarsu kafin ya ga sarki, ƙarfinsu bai karye sosai ba sai zamanin Sarki Abdullahi Bayero da ya hau a 1926. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke, yana gado, yana hawa gadon sarauta, sarakuna da yawa ta nan suka fito, abin da ba a taɓa yi a gonakin auduga na Amurka ba. Bacucane da aka haifa a gida kuma abin kunya ne a sayar da shi.

Amma nawa ne bayin fada cikin miliyoyin nan? Mafi yawa suna rumada ne, a Fanisau da kewayen Kano da ƙasar Zazzau da Bida da Adamawa, su fita gandun ubangida da hantsi sai azahar ta yi sannan mutum ya juya gayaunarsa ya noma abin da zai ci da 'ya'yansa da ragowar ƙarfin da ya saura. Kuma kafin a zama ɗan gida ai sai an kamo mutum tukunna. An ƙone ƙauyensa da asuba, an kashe mazan da suka tsaya, an ɗaura wa sauran igiya a wuya, uwa ta faɗa rabon wannan ɗanta ya faɗa rabon wancan, an kai kasuwar Kurmi an duba haƙori an duba ido, wasu an bi da su Sahara zuwa Tarabulus, yara maza wasu an dandaƙe su kuma da yawa ba sa tashi. Jama'ar Gwari da na kudancin Zazzau da duwatsun Bauci da Mandara har yau suna da wannan labarin a bakin tsofaffinsu, in mu mun manta su ba su manta ba.

Kuma ba sai mun jira Bature ya faɗa mana ba. Hamman Yaji hakimin Madagali yana da kundin da ake rubuta masa abubuwan yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, a ciki yana lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen dutse, an kamo kaza an kashe kaza, a layi ɗaya da lissafin shanu da dawaki, kuma duk wannan a zamanin da tutar Turawa ke kaɗawa, Jamus sannan Faransa sannan Ingila, sai 1927 aka tuɓe shi. Malamanmu ma sun yi magana tun da daɗewa, Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta littafi a kan haramcin bautar da Musulmi, ya ambaci mutanen Kano da Katsina a ciki, Shehu Usmanu kansa yana cikin abin da ya zargi sarakunan Haɓe da shi akwai sayar da 'ya'ya, wato mutanen da ba bayi ba. Bayan jihadi kuma abin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Ni ban ga ɓata kaka ba a faɗin haka, wanda aka kamo ɗin ma ai kakan wani ne cikinmu.

TAMBAYA: Kakana kafin ya rasu yana yawan cewa an yi masa diban gwamna an kai shi Jos haƙar kuza, su da yawa suka tafi daga garinmu ba duka suka dawo ba. Shi ba bawa ba ne, ɗan malamai ne ma. Mene ne wannan diban gwamna ɗin? (Malama daga Funtuwa)

AMSA: Allah ya jiƙansa Malama. Wannan shi ne ɓangaren da littafin firamare ba ya son taɓawa, wato mutanen da suka zo da sunan hana bauta su ne kuma suka kawo aikin tilas da ya haɗa ɗa da bawa ya shafa kowa. Tun farko da shi aka yi komai. Dako a ka daga gari zuwa gari in Bature zai yi rangadi, sharar hanya, ginin bariki da gidan saukar joji, sai babban cikinsu layin dogo daga Baro da aka fara a 1907 ya iso Kano a 1911, da ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau dutsen Jos a 1914 don kwaso kuza. Yadda ake yi, Razdan ya gaya wa sarki yana son mutum kaza, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwa, kashin dankali dai sak, kuma kin san mai unguwa ba zai miƙa ɗansa ko ɗan attajirin da ke gaishe shi da buhun gero ba, wanda ba shi da kowa shi ake nunawa, baƙo, maraya, ɗan tsohon bawa, ko wanda ya taɓa yi wa dagaci tsaurin ido. A takarda ana biyan lada, amma kafin ya bi ta hannun helma da ɗan sarki ya iso ga mai shi ya rame.

Haraji ma wata igiyar ce. Da aka daina karɓar wuri da hatsi aka ce sai sule da sisi na Bature, dole mutum ya nemi inda zai samo su, ko ya noma gyaɗa da auduga ya sayar wa kamfani a farashin da kamfanin ya ga dama, ko ya tafi cin rani ya yi lebura. Ba a ɗaura masa igiya ba amma ranar biya in babu a hannu dogari zai shanya shi a rana.

Na kakanki kuwa ina kyautata zaton na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, yaƙin Hitila. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai ido ya dawo kan Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Ingila ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930, amma aka ce yaƙi ne, aka yi doka aka riƙa ɗibar maza daga lardunan Arewa ana kai wa kamfanoni masu zaman kansu, daga 1942 zuwa 1944, jimilla kimanin mutum 100,000. Ki ɗauki mutumin Katsina ko Sakkwato ko Barno da ya saba da zafi, da 'yar taguwarsa ɗaya, a sauke shi kan dutse cikin hunturu, ya wuni yana sara ƙasa da diga yana cika kwanon sarki yana hawowa da shi daga rami a ka, wasu ƙafarsu cikin ruwan sanyi suna wanke kuza, da dare a cusa su cikin bukkokin ciyawa ba bargo, abinci ba ya isa. Ciwon haƙarƙari da sanƙarau da gudawa suka yi ta ɗauka, wajen aikin dam ɗin Tenti ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa. Dubbai sun gudu da ƙafa. A gida kuma an kwashe majiya ƙarfi daga gona, ga shi ana karɓar hatsi da tilas don ciyar da ma'aikatan kuzar, sai yunwa ta biyo baya a wurare da dama. Abin haushin, ƙarin kuzar da aka samu bai kai yadda suka yi buri ba, har a majalisar Ingila sai da aka yi ta surutu kafin a dakatar a 1944.

Wannan ɗacin ne NEPU ta tarar a ƙasa da aka kafa ta a Kano a 1950. In kin ji tsofaffi na cewa Malam Aminu Kano ya hana noman gandun sarki da ɗaukar kayan hakimi kyauta, to abin da suke nufi kenan, ya gaya wa talaka cewa yana iya cewa a'a, kuma da yawa sun sha bulala da gidan yari a kan wannan a'a ɗin.

TAMBAYA: Mu a Nijar yaya abin ya kasance? Kullum labarin Nijeriya kuke ba mu. (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Ka yi gaskiya ɗan'uwa, a gafarce mu. Faransa ta fitar da dokar hana bauta a yankunanta na Afirka ta Yamma a Disambar 1905, amma wajen aikin tilas ta fi Ingila zafin hannu. Kowane baligi akwai kwanakin da zai yi wa gwamnati aiki kyauta a shekara, hanya da gini da dako, ga dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da shari'a ba, ga ɗibar soja. Shi ya sa garuruwa da yawa na bakin iyaka suka riƙa tsallakowa ƙasar Katsina da Daura da Sakkwato, yunwar 1931 ma da ta yi ɓarna a yammacin Nijar fara ce ta fara ta amma haraji da aikin tilas suka ƙarasa. Sai a Afrilun 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny na Kodebuwa. Ita bautar gargajiya kuwa a wajen makiyaya na arewa Faransa ta kau da kai don tana buƙatar shugabanninsu, shi ya sa ta daɗe. Ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991 ta yi ta fama har aka sa hukuncin bauta cikin dokar laifuka a 2003, sannan a 2008 kotun ECOWAS ta yanke wa gwamnatin Nijar hukuncin biyan Hadijatou Mani sefa miliyan 10 saboda ta kasa kare ta, yarinyar da aka sayar tana shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saye a sa a ɗaka bayan matan aure huɗu, a yankin Ƙonni. Kuma masu sayen wahaya ɗin wasunsu daga ɓangarenmu na Nijeriya suke zuwa.

TAMBAYA: Malam ina cikin damuwa. Mun daidaita da wani, yana da ilimi da sana'a da addini, sai da magana ta kai ga manya wata gwaggona ta ce an bincika asalinsu bayi ne, yanzu Baba ya yi shiru ya ƙi cewa komai. Me zan yi? (Ƙanwarku daga Sakkwato)

AMSA: Ƙanwata ki kwantar da hankali, shirun Baba ba ƙi ba ne, ƙila shi ma nauyin 'yar'uwarsa yake ji. Ta fuskar doka kakan kakan yaron nan ma in an haife shi bayan Maris 1901 ɗa ne. Ta fuskar addini Annabi (SAW) da kansa ya aurar da Zainab 'yar gwaggonsa ga Zaidu ɗan Harisa wanda 'yantacce ne, ya kuma ba Faɗimatu 'yar Ƙaisu shawarar ta auri Usama ɗan Zaidu, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka fi dubawa a dacewar aure shi ne addini da kuɓuta daga aibu. Sannan wannan binciken asali da gwaggo take yi, in da za a juya shi a bi na kowa ta wajen uwa har kaka ta huɗu, gidaje kaɗan ne za su fita, har da manyan gidajen da ake tsoron ambata. Amma kar ki je ki faɗa mata haka, faɗa zai zama. Ki samu kawu ko limamin da Baba yake jin maganarsa, shi ya zauna da shi su biyu, ke kuma ki ja bakinki ki bar shiga gidan gwaggo da maganar, shi ma yaron ki ce ya turo manyansa masu natsuwa ba abokai ba.

TAMBAYA: An taɓa biyan diyya kuwa? (Ta saƙon waya, ba suna)

AMSA: An biya, amma ba ga bayi ba. Da Ingila ta soke bauta a yankunanta irin su Jamaika a dokar 1833, ta ware fam miliyan 20 ta raba wa iyayen gidan bayi a matsayin asarar dukiya, bashin da aka ci don haka yana cikin waɗanda baitulmalinsu bai gama rufewa ba sai 2015. A Arewa kuwa gwamnati ba ta fitar da ko anini ba, bawa ne ya biya ubangidansa da hannunsa kamar yadda na faɗa a sama. Harajin da ya tura mutane lebura shi ma ya wuce Turawan, ya ci gaba bayan 1960, a Kano da Kaduna sai 1979 gwamnonin PRP Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke shi tare da jangali.

Mai tambaya kan sojojin da aka kai Bama da wadda ta yi tambaya kan dalar gyaɗa, naku na nan a ajiye sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.